Shela da Raɗa: Yadda Jiki Ke Yi wa Mahaifa Magana

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa ruga a gefen Wasai ya ga yadda ake tatsa. Ba a tunkarar saniya da ƙwarya haka kawai. Sai an kwance ɗan maraƙi, ya sheƙa a guje ya kama hantsa, yana tsotso yana tunkuyi, sannan a janye shi a ɗaure kusa da uwar, inda harshenta zai kai gare shi. Mai tatsa ya tsuguna, ya matse ƙwarya da gwiwoyi, ya ɗan dakata. Can sai ka ga kan nonon ya cika ya yi tantsan, madara ta fara zuba tana kumfa. In maraƙin ya mutu kuwa, saniyar takan ɓoye nono, a yi ta ja babu abin kirki.

Tsakanin kamun maraƙi da saukowar nono bai wuce kamar minti ɗaya ba, amma a cikinsa saƙo biyu ne suka yi tafiya, kowanne da hanyarsa. Na farko ya tashi daga kan nono, ya bi wasu siraran zaruruwa farare ya shiga laka, ya haura ƙwaƙwalwa kafin ƙiftawa da bisimilla. Na biyu amsa ce. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ce ke zuba wani sinadari mai suna oksitosin a cikin jini, jini ya zaga da shi ko'ina, har ya iso hantsa ya matse ta. Mai jego ta san wannan a jikinta ko ba ta taɓa jin sunansa ba. A kwanakin farko bayan haihuwa, da jariri ya kama nono sai ta ji mararta ta murɗa. Saƙon na nono ne, amma tunda ta jini aka aiko shi, mahaifa ma ta ji, ta kuma amsa.

Shi ya sa nake kiran hanyar jini shela. Mai shela yana tsayawa a tsakiyar kasuwar Kunya ne ya ɗaga murya, duk mai kunne ya ji. Hanyar zaren kuwa raɗa ce: bakin wannan a kunnen wancan, na gefe bai san an yi ba. Hausa ta haɗa hanyoyin biyu a suna ɗaya. Wadda ake nema a hannu a ɗaura ruwa jijiya ce, wadda ke kawo tsamin ƙafa in ka daɗe a zaune ita ma jijiya ce, haka wadda mahauci ke yankewa a jikin nama don tauri. A nan zan ce jijiyar jini da jijiyar laka, don kada su cakuɗe mana.

Shela aka fara ganewa, don ita ce mai sauƙin kamawa. A 1906 wani masani a Ingila, Henry Dale, ya tatsi ruwan waccan 'yar tsoka ya yi wa kyanwa allura, ya ga mahaifarta ta tsuke. Sunan oksitosin ma daga harshen Girka aka ɗauko shi, ma'anarsa haihuwa da sauri. A 1953 Vincent du Vigneaud na Amurka ya gano ƙirarsa, ya kuma haɗa shi da hannu a ɗakin bincike, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1955. Ashe ɗan guntun abu ne, kamar carbi mai duwatsu 9, kowane dutse shi ne abin da ake kira amino asid. Daga nan ya shiga kwalba, ya zama abin da matan Minjibir ke kira allurar naƙuda, ko ruwan naƙuda in an zuba shi a ledar ƙarin ruwa.

Sai dai shela ba ta aiki sai da kunne. A jikin naman mahaifa akwai wasu ƙananan makarɓa da oksitosin ke maƙalewa a kai. A 1979 aka nuna a jikin ɓeraye cewa makarɓan nan 'yan kaɗan ne tsawon goyon ciki, sai dab da haihuwa su yi tashin gwauron zabo. Daga baya aka ga makamancin haka a jikin mata. Wato mahaifa kan toshe kunnenta wata da watanni don kada ta zubar da abin da ta ɗauka, sai lokaci ya yi ta buɗe.

Raɗa kuwa ta daɗe a ɓoye, kuma mafi yawan abin da aka sani game da ita macen ɓera ce ta koyar. Ba ɓeran rumbunmu ba, mai jerin nonuwa, wanda ke cinye dawa kuma danginsa ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Wannan fari ne fat mai jan ido, jikan ɓeran Turai, wanda cibiyar Wistar da ke Filadelfiya ta fara kiwonsa don bincike tun 1906. Dalilin zaɓensa a fili yake. Cikinsa kwana 21 zuwa 23 ne, macen kuma tana neman namiji duk bayan kwana 4 ko 5. Abin da za a shekara ana jira a jikin saniya, a jikin ɓera wata ɗaya ya isa a ga farkonsa da ƙarshensa.

Mahaifar ɓera reshe biyu ce, dama da hagu, 'ya'ya suna jere a ciki kamar ƙwayoyi a kwanson wake. Manyan jijiyoyin laka biyu ne ke kula da ita: ɗaya ta sauko daga wajen tsakiyar baya ta fi karkata ga rassan, ɗaya ta fito daga ƙugu ta nufi bakin mahaifa da hanyar fita. Masu bincike kan yanka naman siriri, ya fi fatar albasa, su ɗiga masa wani ruwa da ke kama sinadari guda ɗaya tak ya sa shi ƙyalli, sannan su duba a madubin ƙara girma cikin ɗaki mai duhu. Na taɓa ganin irin hoton nan, kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne masaƙan garinmu. Baƙin fili, zaruruwa kore shar sun ratsa shi, wasu sun nannaɗe jijiyar jini kamar zare a jikin mazari, wasu sun bi tsakanin tsoka, kowane zare da ƙulle-ƙulle a jikinsa. A cikin ƙullin nan ake ajiye saƙon. A rassan mahaifa saƙar ba ta da yawa. A bakin mahaifa kuwa ta yi kauri kamar an zuba abawa.

Saƙonnin da ke cikin ƙullin su ake kira niropeftayid, wato guntayen carbin amino asid da jijiyar laka ke ƙerawa. A 1985 Raymond Papka da Harold Traurig suka wallafa taswirar yadda wasu daga cikinsu suka rarrabu a kayan haihuwar macen ɓera, suka kuma shafe shekaru suna bin sawunsu. Huɗu ne suka fi shahara, kuma babu wanda aka fara ganowa a mahaifa. Sinadarin P, mai duwatsu 11, tun 1931 Ulf von Euler da John Gaddum suka tsinto shi a hanji da ƙwaƙwalwar doki. VIP, mai 28, a hanjin alade Sami Said, haifaffen Masar, da Viktor Mutt suka same shi a 1970. NPY, mai 36, a 1982 aka ciro shi daga ƙwaƙwalwar alade a Suwidin. CGRP, mai 37, shi ma a farkon shekarun 1980 aka gano shi, a jikin ɓera.

Aikinsu ya fi kama da na mai ban-ruwa a fadamar Wasai. Ruwan sama in ya zo, gonar kowa yake jiƙawa. Mai noman rani kuwa da fartanya yake tsaye, ya buɗe wa wannan fangali, ya toshe wancan, gwargwadon ƙishin kowanne. NPY yana tsuke jijiyar jini, ya rage abin da ke shiga. VIP yana saki, ya buɗe ta, ya kuma sassauta tsoka. CGRP na cikin mafi ƙarfin masu buɗe jijiyar jini da aka sani, kuma a lokacin goyon ciki yana kwantar da mahaifar ɓera ya hana ta motsi, sai dab da haihuwa tasirinsa ya ja baya. Sinadarin P shi ne mai tayar da ƙura: ya sa tsoka ta tsuke, ya sa ruwa ya tsattsafo daga jijiyar jini nama ya kumbura ya yi laushi. Duk wannan a ɗan wurin da zaren ya taɓa ne kawai, nono ko ƙoda ba su san an yi ba.

Akwai wani abu da raɗa ke da shi wanda shela ba ta da shi, kuma a ganina shi ne gishirin zancen. Zaruruwan da ke ɗauke da Sinadarin P da CGRP masu ji ne. Su ke kai rahoto sama: an taɓa nan, an miƙe can, wuri kaza yana zafi. A lokaci guda kuma suna zubar da sinadarinsu a ƙasa, a inda abin ya faru. Kowa ya ɗanɗani aikinsu. Ranar da attaruhu ya yi yawa a miya, leɓe ya yi ja, hanci ya kama zuba, irin zaruruwan nan ne barkono ya tsokana. A 1977 masu bincike a garin Seged na ƙasar Hangari suka gano cewa in an yi wa jaririn ɓera allurar sinadarin da ke sa barkono yaji, yawancin zaruruwan nan mutuwa suke yi har abada. Da Traurig da Papka suka gwada haka a kan jariran ɓera mata, suka girma, suna karɓar namiji, amma ɗaukar cikinsu ya ragu ƙwarai. Dalili kuwa, a jikin ɓera sai bakin mahaifa ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa an sadu, sannan ƙwaƙwalwa ta yi shelar da za ta shirya mahaifa ta riƙe ciki. In babu mai kai rahoton, iri ya faɗi amma ba a gyara gonar ba.

A nan dole in ja birki kaɗan. Wannan tsari na ɓera ne. Jikin 'ya mace yana shirya mahaifa kowane wata, ko an sadu ko ba a sadu ba. Mahaifarta ɗaki ɗaya ce, cikinta wata tara, ɗanta kuma babban kai gare shi a kan ƙugu matsattse. Wanda ya kwashe duk abin da aka gani a ɓera ya ɗora wa mutum ya yi gaggawa.

To tsakanin shela da raɗa, wace ce ta fi rinjaye a ranar haihuwa? In aka bi ta tunani kawai, sai a ce jijiyar laka za ta ƙaru yayin da ciki ke girma. Abin da aka gani akasin haka ne. Tun shekarun 1970 masana a jami'ar Lund ta Suwidin suka lura cewa zaruruwan da ke jikin mahaifa suna bajewa a lokacin goyon ciki, kafin haihuwa kusan babu su, sai bayan an sauka su sake tsirowa a hankali. An gani a dabbobin bincike har da ɓera, an gani a mata. Amma a bakin mahaifa suna nan daram. Kamar maigida ne ya janye masu gadi daga cikin ɗaki ya bar su a ƙofa. Ɗakin ya koma hannun shela, ƙofar tana hannun raɗa. Tun 1941 James Ferguson na Kanada ya nuna a jikin zomaye cewa in an miƙe ƙofar nan, saƙo kan haura ya sa a ƙara zubo oksitosin. Kan ɗa ya danna, raɗa ta kai labari, shela ta ƙaru, mahaifa ta ƙara turowa, haka har a fito.

An gwada cire kowacce don a ga abin da zai faru. A Japan, a 1987, aka yanke jijiyoyin ƙugu na ɓeraye masu ciki. Lokaci ya yi, mahaifa ta kama aikinta, amma uwar ba ta yin nishi, don ba ta ji cewa ɗa ya sauko hanya ba. Naƙuda ta yi tsawo, 'ya'ya suka maƙale. A 1996 kuma aka samar da ƙananan ɓeraye waɗanda jikinsu ba ya yin oksitosin ko kaɗan. Kowa ya zaci ba za su haihu ba. Suka haihu lafiya lau, a kan lokaci. Nono ne ya ƙi saukowa, jariran suka mutu da yunwa a jikin uwa mai cikakken nono. Sinadarin da aka raɗa wa suna haihuwa da sauri, ashe jiki yana da wasu dabaru in babu shi wajen haihuwa, wajen shayarwa ne ba shi da madadi. A ɗaya ɓangaren kuma, matan da lakarsu ta katse sakamakon hatsari suna ɗaukar ciki su haihu, wasu ba tare da jin zafin naƙuda ba. A 2014 a birnin Gotenbag wata mata da aka dasa wa mahaifar wata ta haifi ɗa namiji ta hanyar fiɗa, alhali likitoci jijiyoyin jini kawai suka ɗinke, ba su haɗa na laka ba. Mahaifar ta yi al'ada, ta riƙe ciki, da shela kaɗai.

Ke nan riƙon ciki bai dogara ga raɗa ba a jikin mutum. Inda take da iko shi ne ji, musamman jin zafi, kuma a nan ne nake ganin mun yi sakaci. Yarinya nawa ce a makarantun 'yan mata ke kwanciya kwana biyu duk wata, tana riƙe da mara tana amai, a ce mata ta yi haƙuri, in ta yi aure ta haihu zai daina? Wasu yana dainawa. Wasu kuwa ciwo ne mai suna, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a waje da ita, a cikin mara. A 2004 Karen Berkley ta jami'ar jihar Fulorida ta nuna a jikin ɓeraye cewa tsiron nan yakan jawo wa kansa sababbin zaruruwan laka, masu ɗauke da CGRP da Sinadarin P. Daga baya aka same su a jikin mata masu ciwon. Zafin na gaske ne, yana da hanyar da yake bi, ana iya ganinta da ido. Ba raki ba ne, ba kuma son jiki ba ne. Kuma sanin sunan ɗan aiken yana da amfani: tun 2018 aka fara ba masu ciwon kai na ɓari ɗaya maganin da ke toshe CGRP. Abin da aka yi wa kai, ya kamata a dage a nema wa mara.

In kuwa ceton rai ake magana a ɗakin haihuwa yau, babu gardama, shela ce a gaba. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a minti ɗaya. Da mabiyiya ta faɗo, bakunan jijiyoyin nan a buɗe suke, babu abin da ke rufe su sai mahaifa ta dunƙule ta yi tauri kamar dutse. In ta yi sanyi ta saki, mace na iya tafiya cikin sa'o'i kaɗan. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowace mace allurar oksitosin da zarar ɗa ya fito. A 2023 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni don a ga yawan jinin da ya zuba, in ya kai iyaka a haɗa mata taimako gaba ɗaya: murza mara, oksitosin, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da dubawa. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Matsalar allurar a ƙasarmu ita ce zafi. Tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta kwana watanni a kan kanta a zafin bazara ƙarfinta na iya raguwa ba tare da kamanninta sun canza ba.

Amma allurar da ke ceto bayan ɗa ya fito, ita ce ke kisa in an yi ta da ka kafin ya fito. Oksitosin na jiki kaɗan-kaɗan yake zuwa, gwargwadon rahoton da ƙofa ke aikawa, kuma cikin mintoci yake bajewa. Na kwalba ba ya jiran rahoton kowa. Gwaggona ta shekara fiye da talatin tana yankan cibi a unguwarmu. Ba ta taɓa duba bakin mahaifa ba, aikinta yanke cibi ne da binne mabiyiya da wankan jego, amma idonta ya ga naƙuda iri-iri. Ita ta ba ni labarin daren da aka kira ta wani gida a maƙwabta. Yarinya ce haihuwar fari, tana durƙushe tun la'asar, dangin miji suka gaji da jira, aka ɗauko wani mai yin allura ya tsira mata a cinya.

"Gwaggo, ba ki hana ba?" na tambaye ta.

"Kafin in iso an yi, 'yar nan. Na ɗora hannu a cikin, na ji shi kamar tulu. Naƙuda ta gari tana da numfashi, ta kama ta saki, ta kama ta saki. Wannan ta kama ba ta saki ba. Na ce da uwar mijin, Hajiya, a nemo mota."

Gaskiyarta. Duk lokacin da mahaifa ta matse, jinin da ke kai wa ɗa iska raguwa yake yi, a ɗan hutun da ke tsakanin kamu da kamu ne yake samun sa'ida. In ƙofa ba ta buɗe ba, ko ɗa ya kwanta a gicciye, ko ƙugu ya yi masa kaɗan, turin ba shi da inda za shi sai jikin mahaifar kanta. Kafin su isa asibiti a birni ta fashe. An ceto uwar, an cire mahaifar, ɗan bai zo da rai ba. Shekararta goma sha bakwai.

A asibiti ma ana sa ruwan naƙuda kafin haihuwa, amma dubi yadda ake yi. Sai an tabbatar da yadda ɗa ya kwanta, an auna buɗewar ƙofa. A zuba allurar a ledar ruwa, a saita ɗigon kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ma'aikaciyar ungozoma ta ja kujera ta zauna, tafin hannunta a kan cikin, idonta a kan agogo, tana ƙirga sau nawa ya kama a cikin minti goma da tsawon kowane kamu. Duk rabin sa'a ko ƙasa da haka ta kara abin saurare ta ji bugun zuciyar ɗa, duk sa'a huɗu ta sake duba ƙofa, ta rubuta a takarda. Aikin da zaruruwan nan ke yi wa macen ɓera a ɓoye, shi take yi da hannunta da kunnenta. In ta ƙirga kamu ya haura biyar a minti goma, ko ta ji cikin ya ƙi saki, sai ta miƙa hannu ta murɗe makunnin ruwan, ta juyar da mai naƙuda ta kwanta a ɓarin hagu, ta aika a kira likita.